Yadda Ake Bin Sawun Kalmar "Yamma": Jagora ga Malamai da Ɗalibai a Zangon Kumasi

Bahaushe yana amfani da kalmar yamma a wurare biyu ba tare da ya tsaya tunani ba. Yana cewa gidan wane yana yamma da masallaci, yana kuma cewa zai zo da yamma, kuma babu mai sauraron da zai rikice. Amma malamin Islamiyya a Aboabo, ko ɗalibin da aka ba aikin bincike a Asawase, idan aka tambaye shi inda kalmar ta fito da kuma ma'anar da ta riga 'yar'uwarta, yakan tsinci kansa tsakanin amsoshi masu daɗin ji waɗanda ba su da tushe. Wannan jagora ta shimfiɗa hanyar da za a bi, daga kunne zuwa ƙamus zuwa kwatance da sauran harsuna. Matsayina shi ne asalin yamma yana cikin Hausa da tafiyar rana, kuma kamannin da take yi da wasu kalmomin baƙin harsuna bai isa hujja ba. Kayan aikin kaɗan ne: littafin rubutu, wayar da ke ɗaukar murya, sanda miƙaƙƙiya, da haƙurin zama gaban manya.

Mataki na farko shi ne sauraro, kuma a nan ya kamata mai bincike ya fi daɗewa. Kafin ka buɗe kowane littafi, ka ware mako guda kana rubuta duk jimlar da ka ji yamma a cikinta, tare da wurin da ka ji ta da irin mutumin da ya faɗe ta. Raba shafinka gida biyu, ɗaya na lokaci, ɗaya na shiyya. A Kumasi za ka ga gidan lokaci ya cika da wuri, domin mai waakye za ta ce shinkafar ta ƙare sai da yamma, direba zai ce motar Tamale ta yamma ta cika, yara kuma suna zuwa makarantar yamma bayan sun taso daga boko. Gidan shiyya kuwa yakan daɗe bai cika ba, saboda mutanen gari suna kwatance da alamomi, su ce bayan Kejetia, ko ƙasan Alabar, ko kusa da babban masallaci, ba su cika cewa gabas ko yamma ba. Wannan giɓi shi kansa sakamako ne, ka rubuta shi.

Inda yamma ta shiyya take da rai shi ne bakin malamai da dattawa, musamman a wurare uku: wajen daidaita alƙibla, wajen haƙa kabari, da wajen tafsiri. A maƙabarta ana kwantar da mamaci a gefensa na dama, kansa yana kudu, fuskarsa tana duban gabas, bayansa yana yamma, kuma masu haƙa sun san waɗannan shiyyoyi huɗu ba tare da na'ura ba. A tafsirin azumi kuwa, ka kasa kunne idan aka zo aya ta 258 a Suratul Baƙara, inda Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ce wa sarkin da ke jayayya da shi Allah yana fito da rana daga gabas, shi kuma ya fito da ita daga ɗaya ɓangaren. Wani malamin zai fassara da yamma, wani ya ce mafaɗar rana, kuma duka biyun Hausa ce tsantsa.

Yadda ake tambayar dattijo yana da muhimmanci ƙwarai. Idan ka ce masa, "Baba, mene ne ma'anar yamma?" zai ba ka amsar da yake ganin kana so, ko ya juya maka ita da Larabci. Gara ka gaishe shi yadda ya dace, ka zauna, sannan ka kawo tambayar da za ta sa kalmar ta fito da kanta: "Allah ya gafarta Malam, in mutum yana Kejetia, ta wace shiyya Kwadaso take?" ko kuma "Hajiya, a zamaninku da wane lokaci ake ɗora tuwon dare?" Ka nemi izini kafin ka ɗauki murya. Ka kuma tambayi asalin gidansu, domin Hausar Zango ta haɗa zuriyar Kanawa da Katsinawa da Sakkwatawa da Zabarmawa da wasu da dama waɗanda Hausa ta zame musu harshen gida, kuma kowane gida yana da ragowar karin harshensa. Wanda kakanninsa suka fito daga ƙasar Sakkwato, alal misali, kana iya jin gusum a bakinsa a inda Bakano zai ce kudu.

A cikin wannan sauraro ne za ka iyakance lokacin da ake kira yamma. Hausa ta yanka wuni gunduwa-gunduwa: asuba, safiya, hantsi, walaha, rana tsaka, azahar, la'asar, yamma, magariba, almuru, lisha. Yamma tana farawa ne bayan rana ta karkata sosai, wajen la'asar, ta ci gaba har zuwa abin da ake kira yamma lis, wato sa'ad da rana ta yi ja tana shirin nutsewa. Da zarar an kira magariba, yamma ta wuce. Ka lura da wannan iyaka da kyau, domin tana nuna yamma lokaci ne da rana take nan a sama ana ganinta, tana tsaye a daidai shiyyar da ake kira da wannan suna.

Mataki na biyu shi ne ka fita ka ga abin da kalmar take nunawa. Nemi fili mai shimfiɗe inda rana ke samu tun safe har yamma, kamar filin makaranta ko rufin bene. Kafa sanda a tsaye cak. Da hantsi ka sa tsakuwa a bakin inuwarta, sannan ka ɗaura igiya a gindin sandar ka zana da'ira mai faɗin tsawon wannan inuwa. Inuwar za ta gajarce har rana tsaka, ta koma tana tsawo ta ɗaya gefen. Sa'ad da bakinta ya sake taɓa da'irar, ka sa tsakuwa ta biyu. Layin da ya haɗa tsakuwoyin ya miƙe daga yamma zuwa gabas, kuma tsakuwar safe ita ce ta yamma, tunda inuwa kullum tana gudun rana. A lokacin hunturu hazo yakan dushe inuwa, da damina kuma gajimare yakan rufe ta, don haka ka zaɓi ranar da sama ta washe.

Idan ka ci gaba da duban faɗuwar rana daga wuri ɗaya tsawon watanni, za ka ga ba ta faɗuwa a gurbi guda. Wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba ne take faɗuwa a yamma sak. A ƙarshen Yuni tana karkata wajen arewa da kimanin digiri 23, a ƙarshen Disamba kuma ta karkata wajen kudu da kamar haka. Wannan ne malaman tafsiri da yawa suke bayani da shi a aya ta 17 ta Suratur Rahman, inda aka ambaci mafita biyu da mafaɗa biyu, da aya ta 40 ta Suratul Ma'arij, inda aka ambace su da jam'i. Darasin da mai bin kalma zai ɗauka shi ne yamma ta Bahaushen da, wanda ba shi da kamfas, faffaɗan sashe ne na sararin sama. Haka ma gabas: alƙiblar Kumasi tana wajen digiri 65 daga arewa, wato ta karkata daga gabas sak da kusan digiri 25, amma duk da haka muna cewa mai salla ya fuskanci gabas, kuma wanda ya bar salla a ce ba ya kallon gabas.

Mataki na uku shi ne duban jikin kalmar. Furta ta a hankali: yam-ma, gaɓa biyu, da ɗaurin baƙin m a tsakiya. Gaɓar farko tana da karin sauti faɗau, wato murya ta hau sannan ta sauko a kan gaɓa ɗaya, kamar yadda ake ji a yau da yara. Wasalin ƙarshe kuwa yana da fuska biyu. A jimlar "yamma ta yi" kalmar suna ce, kuma wasalin yana da tsawo, amma a "da yamma" ko "ya yi yamma" yakan gajarce. Wannan tsohuwar ƙa'ida ce a Hausa, ita ce ta bambanta rana da dare na "rana ta fito" da "dare ya yi" daga na "da rana" da "da dare". Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, shi ya sa muryar da ka ɗauka a waya ta fi takarda amfani a nan.

Sai ka tattara 'ya'yan kalmar. Akwai yammaci, wanda shi ma yake ɗauke da ma'anonin biyu, domin ana cewa da yammacin Juma'a, ana kuma cewa yammacin Kumasi. Akwai arewa maso yamma da kudu maso yamma. Akwai gaisuwar barka da yamma. A fagen nazarin harshe kuma ana raba karin Hausa zuwa Hausar yamma, irin ta Sakkwato da Gobir da Katsina, da Hausar gabas, irin ta Kano da Zariya da Bauci. Ɗafa-ƙeyar, wato ƙarin da ake liƙawa a ƙarshen kalma, wadda ta haifi yammaci ita ce ta haifi gabashi da kudanci da arewaci, wanda ke nuna kalmomin huɗu sun daɗe suna tafiya tare a matsayin iyali guda.

Yanzu ne lokacin ƙamus ya yi, bayan kunnenka ya cika. Ƙamusun Bargery na 1934 shi ne mafi faɗi, yana nuna karin sauti da yankin da ake amfani da kalma, kuma ana samunsa a intanet. Na Abraham na 1949 ya fi yawan misalan jimloli. Ƙamusun da Jami'ar Bayero ta Kano ta fitar a 2006 yana bayani da Hausa zalla. Ka kwafe abin da kowanne ya ce kalma da kalma, ka ajiye kusa da jimlolin da ka tattara, ka ga inda suka dace da inda suka saɓa. Ƙamus shaida ne na yadda aka ji kalma a wani wuri a wani zamani, kuma waɗannan ƙamusoshi sun fi jingina da Hausar Nijeriya, don haka saɓaninsu da bakin Zango ba ya nufin Zango ya yi kuskure. Mai damar zuwa Accra yana iya neman ganin tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami da ke Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana a Legon, wanda aka fara tarawa a shekarun 1960 daga gidajen malamai, ciki har da ayyukan Alhaji Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano wanda ya rasu a 1934. A irin waɗannan takardu ake ganin yadda magabata suka rubuta kalma kafin boko ya daidaita ta.

Mataki na huɗu shi ne kwatance, kuma Kumasi ta fi garuruwa da yawa sauƙin wannan aiki, tunda a layi ɗaya za ka samu masu harsuna biyar ko shida. Tambayi maƙwabcinka Ba'asante, zai ce maka atɔeɛ, daga aikatau tɔ mai nufin faɗuwa, gabas kuma apueeɛ, daga pue mai nufin bayyana. Bafulatani zai ce hiirnaange, inda naange take nufin rana, sashen farko kuma ya fito daga kalmar maraice, har ma gaisuwarsu ta yamma daga wannan saiwa take. Bayarabe zai ce iwọ oorun, wato shigar rana. A nesa ma haka abin yake: kalmar Latin occidens daga aikatau na faɗuwa take, kalmar Ingilishi west kuma masana suna danganta ta da vesper ta Latin da hesperos ta Girkanci, waɗanda duka suke nufin maraice. Wani masanin Amurka, Cecil Brown, ya kwatanta sunayen shiyyoyi a harsuna sama da ɗari a 1983, ya nuna cewa fitowar rana da faɗuwarta su ne tushen da aka fi samu ga sunayen gabas da yamma.

Akwai wata hanya ta biyu da harsuna suke bi, wato auna shiyya da jikin mutum, kuma Hausa tana da ƙafa a cikinta. Masana da yawa suna danganta gabas da gaba, ma'ana shiyyar da ake fuskanta. Abin sha'awa shi ne maƙwabtanmu na arewa sun juya akasin haka: a harshen Kusasi da na Mosi kalmar gaba ce take nufin yamma, kalmar baya kuma take nufin gabas. Ka tambayi dattijon Bamoshe ko Bakusashe a unguwa ya tabbatar maka da bakinsa, ka rubuta yadda ya furta. Da Hausa ta bi wannan hanya har ƙarshe, da sunan yamma ya fito daga baya, tunda gabas daga gaba take. Ba ta yi haka ba, sai ta raɗa wa shiyyar sunan da take kiran maraice da shi.

A nan ne mai bincike zai yanke hukunci kan ma'anar da ta riga. Hujjojin da ke hannu suna karkata ga lokaci. Na farko, hanyar da harsuna suka saba bi ke nan, daga maraice zuwa shiyya, kamar yadda Fulatanci da Ingilishi suka nuna. Na biyu, ɗan Adam yana buƙatar sunan lokacin komawa gida da shigar da dabbobi kowace rana, alhali sunan shiyya sai tafiya ko gini ko ibada ta taso. Na uku shi ne abin da littafinka ya riga ya nuna, cewa a inda Hausa ta yi nisa da gida ma'anar lokaci ce ta fi riƙe ƙarfinta. A ganina waɗannan sun isa a ce yamma ta fara ne a matsayin sunan maraice, sannan aka miƙa ta ga wurin da rana take a wannan lokaci, amma a rubuce ka kira shi hukuncin da ka cimma ta hanyar kwatance.

Mataki na biyar shi ne raba yamma da magariba. Magariba aro ce daga Larabci, kuma alamun aron a fili suke. Asalinta maghrib, daga saiwar baƙaƙe uku, gainun da ra'un da ba'un, mai ɗauke da ma'anar ɓacewa da nisanta, wadda ta haifi ghurub, faɗuwar rana, da gharb, yamma, da gharib, baƙo. Bahaushe ba shi da gainun, sai ya mayar da shi g, kamar yadda ya yi a gafara da gaibu da galibi, ya kuma cusa wasula tsakanin baƙaƙen ya ƙara ɗaya a ƙarshe. Kalmar ta shigo ne tare da 'yan'uwanta na lokutan salla, asuba da azahar da la'asar da lisha. A Larabci maghrib tana nufin lokaci da wuri duka, shi ya sa sunan ƙasar Maroko a harshensu al-Maghrib, kuma yankin Algarve na kudancin Fotugal ya samo sunansa daga al-Gharb tun zamanin Andalus. Sawahili ya ari magharibi da ma'anonin biyu. Hausa kuwa ta ɗauki lokacin kawai, ta bar shiyyar, kuma dalilin da ya fi kusa shi ne gurbin ya riga ya cika da yamma. Ma- ɗin da ke farkon maghrib, mai nuna wurin da abu ke faruwa, ita ce kuma muke da ita a mafaɗa da makaranta da mahauta, kuma masana suna lissafa ta cikin gadon da Hausa da Larabci suka samu daga kaka ɗaya.

Mataki na shida shi ne wanda aka fi zamewa a kansa, wato gwada kalmomin da suka yi kama. Wanda ya rubuta yamma da ajami, ya'un da mimun mai shadda, zai ga ta fito kamar al-yamm da ke cikin ƙissar Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a aya ta 39 ta Suratu Ɗaha da aya ta 7 ta Suratul Ƙasas, inda take nufin kogi ko teku. Wanda ya leƙa Ibrananci kuma zai ga abin da ya fi wannan ban mamaki, domin a tsohon harshen akwai yamma mai nufin zuwa shiyyar faɗuwar rana. Duk mai ganin haka zuciyarsa za ta raya masa ya gano asali. Kafin ka yarda, ka yi wa zaton tambayoyi huɗu.

Ka fara da warware kalmar baƙon harshen. Ta Ibrananci gida biyu ce: yam, wato teku, da wasalin ƙarshe mai nufin zuwa wajen, wanda ake liƙa wa sauran shiyyoyi ma, kamar kedma, zuwa gabas, da negba, zuwa kudu. Teku ta zama yamma a wurin Ibraniyawa ne domin Bahar Rum tana yamma da ƙasarsu. Sannan ka tambayi ma'ana: shin yamma ta taɓa nufin ruwa a Hausa? Muna da teku da kogi da gulbi da tafki, kuma babu karin harshen da ke kiran ɗayansu yamma. Ƙasar Hausa ba ta da teku a yammacinta, mu da ke Kumasi kuwa tekunmu a kudu take. Ita kuma yam ba ta nufin maraice, wanda shi ne rabin ma'anar kalmarmu. Tambaya ta uku ita ce hanya: wa ya kawo kalmar, ta wace kasuwa ko makaranta? Kalmomin Larabci sun shigo ta hannun malamai da fatake, kuma malamin da zai koyar da shiyya da Larabci gharb zai ce. Ta huɗu ita ce abokan tafiya, kuma ita ce na fi ba nauyi. Aro yakan zo ne ayari guda, kamar yadda sunayen ranakun mako bakwai suka zo tare, lokutan salla ma haka. Sunayen shiyyoyi a Larabci su ne sharƙ da gharb da janub da shimal, kuma ko ɗaya bai zama gabas ko kudu ko arewa ba, don haka babu dalilin da zai sa yamma kaɗai ta ware ta zo daga can, kuma daga kalmar da ba ta shiyya ba.

Wani zai ce ai Hausa da Ibrananci da Larabci dangi ne. Gaskiya ne, duka suna cikin babban iyalin harsunan Afirka da Asiya, kuma akwai kalmomin gado na ainihi, kamar mutu ta Hausa da mata ta Larabci, mai nufin ya mutu. Sai dai ana tabbatar da gado ne ta hanyar farawa da dangi na kusa. Hausa tana cikin reshen Cadi, tare da Gwandara da Bolanci da Karekare da Ngizim da Bade da Angas, kuma wanda yake son zurfafawa sai ya nemi jerin kalmomin waɗannan harsuna, ya duba sunan maraice da na shiyyar faɗuwar rana a kowanne, ya kuma nemi daidaiton sauti da ke maimaituwa a kalmomi da yawa. Ƙamusun kwatance na Neil Skinner na 1996 an yi shi ne domin irin wannan aiki. Tsallake dangi na kusa a kama na nesa saboda kalma ɗaya ta yi kama shi ne kuskuren da ya fi ɓata binciken asalin kalmomi.

Mataki na bakwai gajere ne amma ba a barinsa: ma'anar da ta shigo daga baya. Idan mai karanta labarai ya ce ƙasashen Yamma, yana nufin Turai da Amurka da ƙawayensu, kuma wannan fassara ce daga harsunan Turai, wadda jaridu da rediyo suka yaɗa, musamman a zamanin yaƙin cacar baka, lokacin da ake da Jamus ta Yamma da ta Gabas har zuwa 1990. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, sashen Hausa na BBC kuma a 1957, kuma irin waɗannan kafofi ne suka zaunar da sababbin ma'anoni a kunnen jama'a. Taswira tana nuna wannan Yamma ba ta rana ba ce. Layin Greenwich, wanda aka raba duniya gabas da yamma da shi, ya ratsa London ya kuma ratsa Tema, Kumasi kuwa tana yamma da shi da fiye da digiri ɗaya da rabi, wanda ke nufin London tana arewa da mu, har ma ta ɗan karkata gabas. Ga fataken da suka riƙa tasowa daga Kano zuwa Gwanja neman goro, suna ƙetare kogin Kwara su bi ta Borgu da Sansanin Mango da Yendi har Salaga, ƙasar nan tamu ce take kudu maso yamma, kuma da yawa daga zuriyarsu sun gangaro Kumasi bayan yaƙin basasar Salaga na 1892.

Mataki na ƙarshe shi ne rubutawa. Raba bayaninka gida uku ka sa wa kowanne suna: abin da ka ji da kunnenka, abin da ka karanta tare da sunan littafi da shekara, da abin da ka yanke da kanka. Kada ka bar na uku ya sa rigar na biyu. A wajen ƙa'idar rubutu, ana rubuta yamma da m biyu, ba yanma ba, da ƙaramin baƙi idan shiyya ce ko lokaci, da babban baƙi idan ta shiga cikin suna, kamar Afirka ta Yamma, ko Jihar Yamma mai hedikwata a Sekondi, ko Gaɓar Yamma da Kogin Jodan. Jimlolin da ka tattara kuwa ka bar su yadda aka faɗe su. Hausar Ghana ba ta cika bambanta jinsin namiji da ta mace ba, don haka idan dattijuwa ta ce "yamma ya yi", haka za ka rubuta, tare da unguwarta da kimanin shekarunta da asalin gidansu, ba tare da sunanta ba sai in ta yarda. Kafin ka miƙa aikin ga makaranta ko ka sa shi a intanet, ka koma ka karanta wa biyu ko uku daga cikin waɗanda ka tambaya, ka gyara duk inda suka ce ba haka suka faɗa ba, ka kuma ajiye muryoyin da ka ɗauka a wuri biyu, kowace da kwanan watanta.